Jirgi Daga Ƙyauren Inna

Ƙashin bayan ɗan jirgin katakon ya sake karkacewa. Zunnuraini ya ɗaga shi saitin fuska, ya runtse ido ɗaya, ya ga ya lanƙwashe kamar lauje. Ya ajiye.

"Na gaya maka," in ji Kalilu daga ƙarƙashin motarsa, inda yake kwance bisa tabarma. "Katakon akwatin tumatir ne, ɗanye shar. Ruwa ya jiƙa shi, rana ta gasa shi. Mi kake so ya yi?"

Kalilu direba ne, mutumin Maraɗi. Tun da aka rufe boda motarsa ke tsaye a layi, har ciyawa ta fito tsakanin tayoyinta. Shi ya ba Zunnuraini wata tsohuwar kalanda da ya samo a Kwatano, mai hoton jirgin ruwa irin na da: na katako, da dogayen sanduna uku, da ƙyallayen da iska ke turawa. Zunnuraini bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Jibiya ba. Aikin lodin da yake yi a boda ya mutu, yini ya yi tsawo. Sai ya auna hoton da tsinken tsintsiya, ya ninka awon, ya fara.

Haƙarƙarin jirgin da guntun zarto ya yanka su, ya kankare da reza. Siraran katakon jiki kuwa a bakin butar mai shayi yake riƙe su har tururi ya tausasa su, ya lanƙwasa a jikin gwangwani, ya ɗaure su kwana. Igiya, zaren ɗinkin buhu. Ƙyallaye, tsohuwar rigarsa ta makaranta da ya jiƙa a ruwan shayi don ta yi kalar tsufa. Komai ya haɗu yana cikin kwali. Ƙashin bayan da za su hau kai ne ya ƙi tsayawa.

Kalilu yana da suruki kafinta a Maraɗi, wanda ba ya ɗaukar kowa aiki sai ya ga abin da hannunsa ya yi.

"In ka gama kafin a buɗe, ka hau gaba mu tahi," ya ce. "In ba ka gama ba, ni ba ni jiran kowa. 'Ya'yana sun kusa manta kamata."

"Ina zan samu busasshe?"

"Maɗaci za ka nema, wanda ya shekara da shekaru. Ko ka je ka roƙi 'yan duwan, kwastan ɗinmu, su komi suna da shi."

Zunnuraini bai yi dariya ba. Ya san inda maɗaci yake.

Ranar da suka baro ƙauyensu a bayan Mazanya, bayan 'yan bindiga sun kashe mahaifinsa a gona, mutane suka kwashi hatsi da tukwane. Kakarsa Inna Delu ta sa aka cire ƙyauren ɗakinta na maɗaci aka ɗora a amalanke. Mijinta ne ya sassaƙa shi shekarar aurensu. Yanzu yana jingine a bangon ɗakin hayarsu, ya cinye wurin kwanan mutum ɗaya. Duk Juma'a takan shafa masa man gyaɗa. In an tambaye ta sai ta ce, "Ɗaki babu ƙyaure ai ba ɗaki ba ne. In mun koma da mi za mu rufe?"

Wata Laraba Inna ta tafi suna a maƙwabta. Zunnuraini ya kwantar da ƙyauren a tsakar gida, ya ja layi da gawayi a gefensa, faɗin yatsa uku. Katakon ya yi tauri, zarton yana kuka, jan gari yana zuba a ƙafarsa. Da ya gama ya share wurin, ya mayar da ƙyauren, ya juya yankakken gefen zuwa lungu.

Wannan karon ƙashin bayan ya miƙe sambal. Haƙarƙari suka zauna, jiki ya rufu layi bayan layi. Direbobi suka fara zagayowa kallo. Wani ya ce a kai shi dam a gani ko zai yi iyo, Kalilu ya kore shi.

Ran Juma'a Inna ta ɗauko kwalbar mai. Zunnuraini yana bakin ƙofa yana ɗaura zare, yana jin motsinta. Ta shafa gaba, ta shafa sama. Hannunta ya kai lungu, sai motsin ya tsaya.

Ta daɗe. Sannan ta fito, ta dubi jirgin, ta dubi jan katakon da ke ƙarƙashinsa.

"Zunnu."

"Na'am, Inna."

"Ba za ya rufe ba yanzu."

"Zan yi mashi ƙari, Inna. In na samu..."

"Ashe kai ka riga ka san ba mu komawa."

Da ma ta zage shi, ko ta ɗaga hannu. Ta rufe kwalbar kawai, ta ce, "Ya yi kyau, jirgin naka. In an buɗe ka tahi. Sauran kuma ka faskara mani, itace ya yi tsada."

Bai faskara ba. Ita ma ba ta sake maganar ba, ba ta kuma sake shafa man ba. Ta daina tambayar masu zuwa kasuwa labarin ƙauye. Takan zauna da tuwo a gaba har ya huce. Shi kuma ya ci gaba da ɗaura zare, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba in ya daina.

Wata rana da hantsi labarin ya zo an buɗe boda. Layin da ya yi watanni a mace ya tashi gaba ɗaya, hayaƙi da oda da ihu, ana tura motocin da batirinsu ya mutu. Zunnuraini ya ruga gida, ya cusa kayansa a leda, ya rungumi jirgin. Inna tana tsakar gida. Ta jawo ƙyauren da kanta ta kwantar, ta aro gatari.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya fita. Bai kai ƙarshen lungu ba ya ji saran farko. Sara ne na wanda ba shi da ƙarfi, gatarin yana dawowa. Ya ji na biyu. Tsakaninsa da na uku akwai tari mai tsawo.

A bakin titi Kalilu ya riga ya tayar da mota, ƙofar gaba a buɗe.

"Hawo, malam! Ka tsaya kamar an dasa ka!"

Zunnuraini ya miƙa jirgin sama. Kalilu ya karɓa da hannu biyu, ya zaunar da shi a kujera, ya sake miƙo hannu. Zunnuraini bai kama ba.

"Ka nuna ma surukin naka. Ka ce ina nan tafe, wani zuwan."

Kalilu ya dube shi, ya dubi ledar da ke hannunsa. Na baya suna ta danna oda.

"Wani zuwan," ya ce. "To, Allah ya kai mu."

Ya jawo ƙofar. Motar ta motsa, sandunan jirgin suna rawa ta gilashi, har ta wuce shingen.

Da ya koma gida Inna tana zaune a ƙasa tana haki, ƙyauren ya sami 'yan raunuka marasa zurfi. Ta dubi ledar. Ta tura masa gatarin da ƙafa.

"Fara daga sama," ta ce. "Nan ya fi taushi."