Saniya ta Arba'in da Ɗaya

Ranar da za a kai shanun auren Onkabetse, tun rana ba ta yi zafi ba Mma-Kitso tana cikin garken yayanta Motsumi, hannunta jage-jage da yawun shanu. Ita ce malamar dabbobi ta yankin Shoshong, ita ce kuma gwaggon ango. To kun ji inda gizo ke saƙar.

Shanu takwas za a kora gidan amarya a matsayin sadaki, kuma a shekarar ana tsoron ciwon baki da kofato. Masu gadin shingen hanya ba sa barin ko ɗan maraƙi ya wuce sai da takardar malamar dabbobi, mai cewa an duba garken da ya fito kaf. Dangin amarya kuwa sun ce in rana ta take tsaka ba su ga ƙurar shanun ba, a sake sa wata rana.

Ta buɗe baki arba'in, ta ɗaga kofato, lafiya lau. Sai dai katin garken ya ce arba'in da ɗaya.

"Yaya, ina jar nan mai karyayyen ƙaho?"

"Ta bi daji," in ji Motsumi, yana kallon takalminsa. "Ba ta cikin takwas ɗin. Sa hannu mu tafi."

Ta ɗora takardar a bayan mota. Akwai layin da ake rubuta irin binciken da aka yi, da Turanci. Ta rubuta kalma ɗaya. Motsumi ya leƙo, don shi ma ya taɓa makaranta.

"Extensive? Ke ma kin san da wannan za su juyo da mu. Rubuta babbar kalmar!"

"Babbar ba tawa ba ce tukuna."

Tsohon da ya koya mata aiki, marigayi Rre Mogapi, yakan ce Bature ya tara kalmomin faɗi kamar tarkacen kicin. Da wide, da broad, da extensive, duk cewa suke ka yi yawo, ka ga da yawa. Amma ranar da ka rubuta babbarsu, comprehensive, to rantsuwa ka yi cewa ba ka bar ko wutsiya ɗaya a baya ba. Shekara ashirin da biyu tana aiki, ba ta taɓa yin rantsuwar nan a kan abin da idonta bai gani ba.

"Sannu, Likita bokan Turai," in ji Motsumi. "Arba'in ba ta ishe ki ba? Ni na goya ki zuwa makarantar da kika koyo wannan iyayin. Yau ɗana za ki kunyata gaban surukai saboda kalma?"

"Kai ma ka san in da ciwon a jikinta, takwas ɗin nan sun sha ruwa tare da ita. Kana so garken surukanka ya ƙare ta hannunmu?"

Onkabetse na tsaye cikin sabuwar kwat, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya dubi uban, ya dubi inuwar mota da ke ta tsukewa.

"Gwaggo," ya ce a hankali, "tana bayan tsohuwar rijiya. A ɗaure."

Motsumi ya zauna a kan dutse.

Suka sami saniyar a ƙarƙashin ƙaya, ta rame, yawu na dalala har ƙasa. Mma-Kitso ta dubi yawun. In ciwon ne, ba maganar aure kaɗai ba, garken Motsumi duka ya tafi, da na maƙwabta.

"Kwana uku ke nan ba ta kiwo," in ji Motsumi daga baya. "Na kasa buɗe bakin. Tsoron abin da zan gani nake."

"Riƙe min ƙahon, Yaya."

Ta kama hanci, ta jawo harshen gefe. Babu ƙuraje. Ta duba dasashi, babu. Ta zura hannu can ciki, saniyar ta fizge, ta kusa yar da su duka. Ta sake zurawa, sai yatsunta suka taɓa wani abu mai tauri da ya gilma a ganɗa. Ta murɗa, ta zaro. Guntun ƙashi ne, irin wanda shanunmu ke tauna a daji lokacin rani.

Duk da haka sai da ta ɗaga kofato huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, Motsumi na cewa, "Ke, don Allah, rana!" Sannan ta goge hannu a zani, ta soke kalmar farko, ta rubuta babbar, ta sa hannu.

Inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa lokacin da dangin amarya suka hango ƙura, guɗa ta tashi. A cikin mota Mma-Kitso ta ajiye wa yayanta ƙashin a cinya.

"Ungo, adana. Kwana uku ka yi kana gadinsa."

"Rufa min asiri gaban surukai, ƙanwata."

"Sai na ga irin naman da aka zuba min," in ji ta.