Ranar da Ciɗo Ya Kashe Safi

Har yau idan na wuce maƙerar Ciɗo a bakin kasuwar Tawa raina yakan ɓaci. Ni Hajaratu, shekara goma sha ɗaya ina sayar da fura a gindin bangon maƙerar nan, don haka a gabana aka yi komai.

Ciɗo da matarsa Zaliha ba su sami ɗa namiji ba, ita ke yi masa zuga. Yayin da ƙarfe ke cikin wuta ana jiran ya yi ja, sai su riƙa ba da labarin wani jarumi Talle da matarsa Safi, masu yawo da takuba biyu suna yaƙar matsafa da aljanun duwatsun Adar. Ciɗo ke magana da bakin Talle, Zaliha da bakin Safi, kuma babu mai sanin abin da ɗaya zai faɗa. Da ƙarfe ya yi ja labari ya tsaya, ko da takobi na kan wuyan wani, Ciɗo ya ɗauki masaba. Mai son ci gaba sai ya kawo wani aikin. Na ga manomi daga Barmu ya karya ƙotar kalmensa, wato fartanyarsa, da gangan.

Ba aljanun ke tara mu ba, aljanu kowace tsohuwa tana da nata. Mutanen biyu muke zuwa ji. Suna tsaye baya da baya, maƙiya sun kewaye su, amma suna gardama a kan wanda ya manta salkar ruwa. Kuma suna da doka ɗaya: abin da ɗayansu ya faɗa gaban jama'a ya zauna, ba a janyewa. Wata rana da suka yi faɗa a gida, Zaliha ta sa kura ta cinye kunnen Talle. Shekara bakwai Talle yana yawo da kunne ɗaya.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, gab da damina, wani komi, wato ma'aikacin gwamnati, mai suna Mumuni ya zo daga Yamai da akwatin ɗaukar magana, wai yana tattara labaran gargajiya. Ya zauna ya saurara, yana toshe hanci saboda hayaƙi. Sannan ya ja Ciɗo gefe, amma ni ina ji.

"Baba, labarin ga na da kyau, sai dai ƙarar zuga-zugi na ɓata shi. Ka taho biro gobe, kai ɗai. Zaren ɗaukar magana guda gare ni, a ƙare labari cikinai."

"Da uwar ɗakina hwa?" in ji Ciɗo.

"Mi za ta yi can? Kai ad da labari."

Kai ad da labari! Da jin haka kan tsohon nan ya kumbura. Washegari ya sa rigar sallarsa ya tafi biron, wato ofishin hukuma, ya ce wa Zaliha kiran hukuma ne.

Ran Lahadi, kasuwa ta cika, Mumuni ya kawo akwatin maƙera don a ji abin mamaki. Buzaye masu jiran gyaran takuba, matan Tebaram masu sayar da cuku, kowa ya matso. Zaliha na zaune a wurinta, hannu kan zuga-zugi, tana murmushi don ta ji muryar mijinta ta fito daga akwati.

Muryar ta fara da kyau. Talle da Safi sun iso bakin kogon matsafin da muka yi wata uku muna jiran a shiga. Talle ya ce, "Safi, ke ko ni?" Sai shiru, zare na juyawa. Nan ne Zaliha ke amsawa, kuma a biro babu Zaliha. Muka ji Ciɗo ya yi tari. Ya sake tambaya, ya sake yin shiru. Shekara goma sha tara yana zaune kusa da matar nan, bai taɓa bukatar sanin abin da Safi za ta ce ba. Muryar Mumuni ta ce a hankali, "Ci gaba, Baba, zare na tahiya."

Sai Ciɗo ya ce, "Nan kibiya ta hito daga kogo ta sami Sahi ga ƙirji, ta hwaɗi ta mutu."

Kibiya ɗaya! Matar da ta yanke wutsiyar macijin rijiya, ta kwana uku tana jan mijinta cikin rairayi! Ko kalmar ban kwana ba a ba ta ba. Wallahi da ludayin da ke hannuna na so in kwaɗa wa akwatin nan. Talle kuwa ya shiga kogo shi kaɗai ya gama da matsafi kafin a sha ruwa, zare ya ƙare, Mumuni ya tafa hannu shi kaɗai.

Ciɗo ya kasa ɗaga kai. "Zaliha, wanga na akwati na, ba namu ba na. Mu koma bakin kogo."

Zaliha ta dubi taron da ke tsaye har bakin hanya. "Mutanen ga sun jiya?"

Dukanmu mun ji.

"To ta mutu," ta ce. "Sa ƙarhe wuta, mutane na jiran kalmensu."

Mun roƙe ta, ni har gida na bi ta. Ta ce ita ta bar Talle da kunne ɗaya shekara bakwai, Ciɗo bai taɓa neman a mayar masa ba, don haka ba za ta fara karya doka a kan kanta ba. Mumuni ya koma Yamai da zarensa, ban sake ganinsa ba, kuma kada Allah ya sa in gan shi.

Ba ta yi yaji ba, ba ta daina zuga ba. Yanzu ma ƙarfe ya fi saurin yin ja, tunda ba ta tsayawa magana, manomi yakan karɓi kalmensa ya tafi tun hantsi. Wani lokaci Ciɗo yakan manta, ya sa ƙarfe a wuta ya ce, "Talle ya waiwaya ya ce, ke kin gani?" Sai ya dakata daidai inda ta saba shiga. Mu duka mu yi shiru muna jira tare da shi, ba a jin komai sai zuga-zugi.