Hannun da Ake Yankewa

Tun da Tela ya bar wa 'ya'yansa shago ya sayi kyamara, matarsa Uwar Biyu ba ta sake sanin hutun ƙarshen mako ba. Shi dai fure yake ɗauka. Fure kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, iska kaɗan sai ya hau rawa, hoto ya fito dishi-dishi. To wa zai riƙe? Ita. Ita ke durƙusawa a lambun mutane, ta kama karan furen da yatsu biyu, ɗaya hannun ta ɗaga lema, ƙaya na sukarta, cinnaku na hawa ƙafarta, shi yana cewa, "Kada ki yi numfashi." In sun koma gida ya zauna gaban kwamfuta ya yanke hannun, ya bar furen shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo.

Ba ta taɓa ɗaga masa murya a kan wannan ba, sai ranar da ƙungiyarsu ta masu hoto ta ba shi kofin gasa. Ya tsaya gaban jama'a, ya gyara gilashi, ya ce hoto aikin mutum ɗaya ne, daga shi sai haƙurinsa. Aka tafa. Tana can kujerar baya da jakar kyamara a cinya. Haƙurinsa wai. Mutumin da ko shayi ba ya iya jira ya huce.

A hanyar gida ta ce, "Malam, haƙurin naka ne ƙaya ta tsaga wa yatsa?"

"Ke ma dai. Maganar taro ce."

"To a taro ka cire ni, a taro za ka mayar da ni."

Da ƙungiya ta je ziyara lambun wani likita, ta bi su, ta sami benci a inuwa, ta harɗe hannu. Iska kuwa kamar aiko ta aka yi. Tela ya ciro zare ya ɗaure wani jan fure, furen ya lanƙwashe wuya, mai lambu ya yi gyaran murya. Ya roƙi abokinsa ya riƙe, hannun abokin ya fi iskar rawa. Daga ƙarshe ya zo ya tsaya a kanta.

"Uwar Biyu, rana za ta juya."

"Kira haƙurinka ya riƙe maka."

"Me kike so ne?"

"Hannuna. Ka bar shi a ciki, ka kai gasa haka."

"Doka ta hana jikin mutum a ajin fure. Cire ni za su yi."

"Ni da ake ta cirewa, mutuwa na yi?"

Ya dubi furen, ya dubi rana, ya miƙa mata lema.

Ranar gasa alƙalai suka cire shi kuwa. Kofin bana ya tafi hannun wani malamin makaranta, hoton Tela aka rataye shi can bakin ƙofa cikin waɗanda ba su shiga layi ba. Uwar Biyu ta ci ado ta tsaya a gefensa. Ga jan fure tsaye cak, ga yatsunta a ƙasa: fata ta tattare, tabon ƙunar tukunya, da sabon karcen ƙaya. Bakin ƙofa kuwa kowa ta nan yake shiga, kowa sai ya tsaya.

Wata mata ta ce, "Baba, hannun wa ke nan?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Na maiɗakina ne. Duk furen da kuka taɓa tafa wa, shi ya riƙe."

"Ɗaga murya, Malam," in ji Uwar Biyu. "Na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga, har alƙalai suka waiwayo.

Da aka tashi, ta wuce gaba tana kaɗa hannu. Shi ya ɗauko jakar.