Ƙwanson Merv a Murhun Dulcie

"Ki fito da su haka nan, Dulcie! Iri nake so, ba gawayi ba."

Merv Trethowan ne ke ba da umarnin daga kujerarsa, a kicin ɗin maƙwabciyarsa, da bargo a gwiwa. Likita ya ce mako biyu suka rage masa a duniya, shi kuwa ya karɓi labarin kamar an gaya masa farashin kabeji.

"Shekara goma sha ɗaya kek ɗina na warin daji saboda kai, tsoho," in ji Dulcie, tana jawo faranti.

Ƙwanson itacen bankisiya ba ya sakin irinsa sai ya ji wuta, murhun Merv kuwa ya riga matarsa mutuwa. Da wannan iri ne ƙungiyar masu jin harshen Esperanto ta garin, su bakwai har da Merv, autansu ɗan shekara saba'in, suka mayar da itatuwa kan tudun da gobara ta cinye. Gefe guda ya rage fayau. Sai dai babu wanda ya san lokacin cire faranti sai Merv.

"Wai yaya kake ganewa?" ta tambaya.

"Da kunne. Matso." Ƙwanson na ta ƙas-ƙas. "In ƙarar ta fara jinkiri, ki cire. Karatun ke nan."

"Harshen naku na mutum bakwai ba shi da kalmar godiya ne?"

"Dankon."

"Sai ka ce sunan maganin tari."

Ranar Laraba da hantsi Merv ya cika.

Ranar Asabar sauran shidan suka zauna a barandarsa da buhun ƙwanso na ƙarshe a tsakiya, suna muhawara cikin harshensu. Ta kan shinge Dulcie ta tambayi Halina, sakatariyarsu, abin da ake ciki.

"Mun kafa kwamiti, 'yar'uwa. Ruwan Yuni ya kusa, ga shi mun ƙona faranti biyu."

"Ku miƙo buhun. Ku goge ƙafa kafin ku shigo mini."

Suka jeru a kicin. Dulcie ta ja kujerar Merv ta zauna, ta kara kunne kusa da murhu. Wani ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa. Tun kafuwar ƙungiyar ba a taɓa jin shirunta irin na ranar ba.

Ƙarar ta fara jinkiri. Ta jawo farantin, ta ajiye a kan tebur. Kowane ƙwanso ya buɗe bakinsa, baƙaƙen iri na leƙowa.

"Dankon," in ji Halina a hankali.

Dulcie ta soma jera faranti na biyu.