Aladun Jonathan

Eunice na tsakar gida tana dama wa aladu dusa aka yi sallama. Ta ɗago, sai ga Halima da sanda, tsufa ya lanƙwasa ta.

"Maman Jonathan, ba ki gane ni ba?"

Ta gane ta sarai. Wa zai manta matar da yake kwana a ɗakinta?

Lokacin rikicin Kaduna aka kashe Malam Ɗayyabu, mijin Halima, a nan Kakuri. Babu hanyar maƙabarta, maƙwabta suka rufe shi a bayan gida. Da abin ya lafa, manya suka zauna sulhu, aka ce a yi musayar gidaje. Eunice ta ba da ɗakunanta na Tudun Wada da wuta ta cinye rufinsu, ta karɓi gidan Halima da rijiyarsa da mangwaronsa. A wannan tsallaken kogi su Halima aka fi ƙarfi, don haka ita ce ma ta yi godiya. Eunice kuwa ta daɗe tana faɗa a zumuntar mata ta coci cewa an yi adalci, kowa ya yi asara. Da gaskiyarta, ita ma ƙanenta bai dawo ba. Abu ɗaya Halima ta roƙa ranar: a bar kabarin yadda yake.

"Asibiti na zo," in ji Halima. "Likita bai faɗa mini komai ba, 'yata Safiya ya ja gefe. Na ce to, a kai ni in gaida Malam."

Eunice ta kawo kujera. Ta kawo ruwa. Ta tambayi lafiyar Safiya da 'ya'yanta, har da awakin da ba ta san ko akwai su ba. Da aikin masaƙa ya mutu ne Jonathan ya nemi inda zai yi kiwon aladu, bayan gida kuma fili ne. Ita Eunice ce ta ce ya zuba siminti, har kan kabarin.

"Ƙawata, mai keke na jira na," in ji Halima.

Eunice ta miƙe ta kai ta gindin mangwaro, nesa da garken aladun.

"Ga shi nan."

Halima ta dubi ƙasar, ta dubi Eunice. Ta jingina sandar, ta juya baya ga mangwaron, ta fuskanci garken, ta ɗaga hannu. Ta daɗe tana addu'a, aladu na ta gurnani suna jiran dusarsu.

Da ta shafa, ta ce, "Kada ki damu, Maman Jonathan. Da ransa ma Malam ba mai ƙorafi ba ne."

Da zagi ta yi, da Eunice ta san amsa. Ta raka ta ƙofa.

Jonathan ya dawo daga Sabon Tasha ya tarar da uwarsa tana ɓanɓare kwanon rufin garken da taɓarya.

"Mama, lafiya? Kirsimeti fa ya kusa! Ina zan kai su?"

"Ɗakina."

"Haba Mama! Ke fa?"

"Ni tsakar gida ta ishe ni. Kama can, ja."