Larabar da Kwamfuta Ta Ci

A shekarar da kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka na shiga makarantar koyon kasuwanci ta manya da aka buɗe a bakin titin garinmu, can wajen Makoɗa. Ni dai ban wuce firamare ba. Gyaɗa nake awo, da ita nake riƙe da kaina da mahaifiyata, Inna Hure.

Da, shugaban makarantar, Malam Kashim, shi ke tsara mana lokutan darasi, yana tambayar kowa uzurinsa. Sai aka kawo kwamfuta ta karɓi aikin. Ta tashi ta ɗora ajinmu a Laraba da hantsi. Laraba kuwa kasuwarmu ke ci. In na rasa ta, tukunyar gidanmu ta kwanta har wani mako. In na yi ta fashin aji kuma, a kore ni.

Na sami Malam Kashim a ofis, na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, ita wannan na'ura ta san Laraba?"

"Ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki, Badaru. Shi ya sa aka kawo ta. In na taɓa naku, na sauran ajujuwa duk ya rushe."

"To, Allah ya ba ta lada."

Ranar Laraba na ɗora buhuna a keke, na bi ta kasuwa na shaida wa masu saye inda za su same ni. Na jingina buhun a ƙarƙashin tagar aji, na shiga na zauna dab da ita.

Ana cikin darasi sai ga muryar Safiyatu mai ƙuli-ƙuli.

"Ɗan boko, a auna mini tiya biyu, kuma a cika. Ko ita ma sai an tambayi kwamfuta?"

Aji ya tuntsire da dariya. Na miƙa hannu ta taga na auna mata, kunnena na wajen malami.

Can sai ga Malam Kashim ya zagayo.

"Kwashe wannan kaya. Nan ba kasuwa ba ce."

"Ka yi haƙuri, Malam. An ce in zauna a nan ran Laraba, ga ni zaune. Amma buhun nan ba zai gusa ba. In kora ce, a kore mu tare."

Ya dube ni, ya dubi matan da suka yi layi da kwanoninsu a bayansa.

"Aƙalla ku rage murya," in ji shi.

Na ci gaba da awo a hankali.