Laka a Bayan Taya

Sau uku Solomon yana kashe motar yana tayarwa, amma fitilar nan ruwan ɗorawa ta ƙi mutuwa: hoton 'yar mota da layi biyu a karkace a ƙarƙashinta. Ƙarfe sha biyu ake jiransu a Lau, shi zai jagoranci neman auren ƙanensa, ga goro da tabarmi cike da but.

"Baban Godiya, mu tafi haka mana," in ji matarsa Keziah, tana kallon taga.

"Motar da nake lallaɓawa kamar jinjiri? Sai an duba."

Shekara biyu da sayenta, bai taɓa sauke ta daga kwalta ba. Ranar da hadari ya haɗu ma rufe ta yake da tampol, ya hau keke zuwa ofis.

Ya juya kan motar zuwa garejin Ukasha a Mayo Gwoi. Keziah ta ce akwai wani bakanike a Sarkin Dawaki da ya fi iya aiki. Bai saurare ta ba.

Ukasha ya jona kwamfutarsa, ya ɗan karanta.

"Oga, fitilar santsi ce. Bayan kowace taya akwai sensa, shi ke gaya wa mota ko taya na zamewa. Na hagu a baya ya daina magana."

Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar, ya zura hannu. Sai ga busasshiyar laka cike da tafinsa, har da karan shinkafa.

"Wannan ba daga motata ba," in ji Solomon. "Ni da ko kududdufi kauce masa nake?"

Ukasha ya karkaɗe lakar. Ya goge sensan da tsumma, ya mayar da tayar, ya sauke motar, ya zagayo gaba zai tayar da injin, sai idonsa ya faɗa kan wadda ke zaune ta ja gyale har hanci.

"A'a, Madam, ashe ke ce. Yaya ƙafa a kan burki yanzu?"

Keziah ta sauke gyalen.

"Wata huɗu ke nan ina koyon tuƙi a wajensa, duk ranar da ka hau keke. Ranar Talata na kai taki gonar fadama, na kafe. Shi ya koya min yadda zan fita."

"Da kanta ta fito, Oga," in ji Ukasha. "Ko turawa ba a yi ba."

Ukasha ya tayar da injin, fitilar ta mutu. Da ya kashe, Solomon ya karɓi makullin. Can wajen Lau sama ta yi baƙi ƙirin, kuma ya san yadda hanyar ƙauyen surukan ke zama in ta sha ruwa.

Ya buɗe ƙofar gefe, ya gyara babbar rigarsa.

"Maman Godiya, matsa can ki ja. In mun kusa gidan mutanen, sai ki tsaya mu canja."